Ranar Ziyara a Kurkukun Wad Madani

Na kawo kisra da miyar kuɓewa.
Gandiroba ta soka cokali, ta juya, ta miƙo min.

Batula na zaune bakin gadon igiya,
ciki wata bakwai, hannu na kyarma.
Kwana goma sha ɗaya rabonta da ƙwaya,
ta zana su a bango da farce.

"Inna, yaron nan zai yafe min?"

Ban amsa ba.
Na ɗora tafina kan cibiyarta,
ya shure ni kamar jakin kasuwa.
Muka yi dariya har gandiroba ta leƙo.

Na murza mata man riɗi
a ƙafafun da suka kumbura,
gumi na zuba, tana cije leɓe.

Laraba zan dawo da zanen goyo.
Na riga na daje bakinsa.