Kujera ta Goma Sha Tara

Ran Asabar, biyu saura kwata,
nakan naɗa wa Wilf Ormerod mayafinsa a wuya,
ruwan goro da fari, duk ya koɗe.
Bai san sunana ba.
Jiya ƙaninsa ne ni, wanda ya rasu tun ba a haife ni ba,
shekaranjiya kuwa mai kawo madara.
Amma da keken guragunsa ya kai kwanar tsohuwar masaƙa
sai ya ɗaga yatsa: hagu.
Wannan hanyar kaɗai ba ta taɓa ɓace masa ba.

Filin ba wani abin a zo a gani ba ne.
Kwano ya yi tsatsa, rumfa guda ba rufi,
fitilu huɗu, ɗaya ta mutu tun bara.
Bayan raga gidajen jan bulo sun jeru kafaɗa da kafaɗa,
wata tsohuwa na kallo kyauta ta tagar bene
da kyanwarta.
Rukuni na huɗu ke nan.
A gidan kallon unguwarmu a Funtuwa
na faɗi sunan ƙungiyar ta waya, aka fashe da dariya:
ka je har Ingila, ka rasa inda za ka ƙare?

Maureen mai tsaron ƙofa ba ta duba tikitinsa.
Takan miƙo shayi biyu,
salam kamar ruwan ɗauraya, amma da zafi,
ruwan saman Lankasha kuma yana ƙara mana a kofi.

Ya ce ubansa ya kurumce a masaƙar can
wadda yanzu motoci ke kwana a cikinta.
Nawa uban auduga ya noma har bayansa ya lanƙwashe.
Wa ya sani ko zare ɗaya ne ya ci hannuwansu?
Ban tambaya ba. Da wa zan tambaya?

An ce tokar matarsa na bayan ragar kudu.
Ni da na saba da likkafani da ƙasa
na yi wata uku ina kewaye wurin,
har yau in zan wuce sai na rage sauri.

Lokacin sanyi la'asar kan faɗo a hutun rabin lokaci.
Mai gyaran ciyawa ya ba ni ɗakinsa,
tsakanin injin yanka da bokitin farin fenti,
ya shimfiɗa kwali, ya ja ƙofa, bai ce komai ba.
Ina sujada ina jin ƙafafun mutum dubu biyu
suna buga katako a samana don kada su daskare.

Yau an ci mu biyu tun kafin shayi ya huce.
Saura minti bakwai,
wani dogon yaro da aka aro, mai ƙafa kamar sandar rake,
ya yi tuntuɓe, ƙwallo ta bugi gwiwarsa,
ta gangara, ta yi shawara,
ta shiga.

Sai ga Wilf a tsaye.
Mutumin da mu biyu ke ɗagawa zuwa wanka
ya miƙe, ya damƙe mini dantse har na ji ƙashi,
yana kiran sunaye goma sha ɗaya a jere,
daga mai tsaron gida har na gefen hagu,
ba ko ɗayansu a filin,
rabinsu suna maƙabartar kan tudu.
Bai tsallake kowa ba.

A hanyar gida duhu ya riga mu.
Warin soyayyen kifi, tayar hagu na kuka.
Daidai masaƙa ya waiwayo,
ya dube ni kamar baƙon da ya shigo ba sallama,
ya ce, yaro, mun ci?

Na gyara masa mayafin.
Na ce, mun ci ɗaya.

Sai da na sa makulli a ƙofa
na ji abin da bakina ya faɗa:
mun.