Littafin Kiran Suna

Ni ke riƙe da littafin kiran suna.
Ba don na fi kowa ibada ba,
rubutuna ne Masera Odil ta ce yana karantuwa.

Ran Asabar, in la'asar ta yi sanyi,
bayan coci, gindin bedi,
benci uku, ɗaya gurgu,
tun bara muka tokare shi da bulo.
Mu sha ɗaya ne in mun cika.
Ba mu cika cika ba.

Selestin? Yana nan.
Filomen? Tana tafe, ta tsaya tarar ruwa,
famfon unguwarsu sai ya ga dama.
Barnabe? Gangar jikinsa tana nan,
hankalin na wurin lissafin da ya kayar da shi ran Laraba.
Dala goma-goma ake sakawa
a gwangwanin madara.
Wanda bai kawo ba in ɗiga masa ɗigo,
ɗigon Barnabe sun yi jerin tururuwa.

Sai a karanta aya.
Masera ta ce, to, me ta faɗa muku?
Kowa ya sa wa takalminsa ido.
Wani lokaci shirun yakan kai mu
har ladanin tsallaken titi ya gyara murya,
mu tashi da amsar a ciki, ba ta nuna ba.

Shekarar da azuminmu ya haɗu da na gari
Hamsatu ta tare ni a ƙofar lise:
wane irin azumi ne wannan, har da shan ruwa?
Na ce na bar nama, na bar tsegumi.
Ta ce naman dai na yarda.
Da magariba ƙanenta ya kawo kunu gidanmu,
ran Ista na kai musu shinkafa da zabo,
kwanon bai dawo wayam ba.

Da gwangwani ya yi nauyi aka yi gardama.
Selestin ya ce ƙwallo.
Filomen ta ce sabulu, a kai gidan kaso.
Aka ɗaga hannu, shida da biyar.
Selestin ya kumbura kamar fanke,
amma shi ya ɗauki kwalin a ka
tun daga kasuwa, cikin ranar Tawa,
bai ce wa kowa karɓi ba.
Da muka fito daga can bai yi magana ba,
sai a hanya ya ce,
akwai wani ciki, ajinmu ɗaya a firamare.

Yawancinsu ƴaƴan ma'aikata ne,
takarda ke kawo su, takarda ke kwashe su.
Ni kakana ya zo da cokalin gini daga kudu,
ya ɗora wa rabin unguwa bango,
ya kwanta a ƙasar nan.
Don haka ni ke rakiya tasha.

An mai da uban Selestin Difa.
Masera ta ce ja layi a kan sunan.
Na ja, da fensir,
siriri, yadda in ka karkata shafin
za ka ga mutum a ƙarƙashi.
Layi bakwai ke nan tun da na karɓi littafin.
In ana addu'a nakan bi su da yatsa,
ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Jiya wata sabuwa ta zo, Anyes,
Hausarta ba ta wuce sannu ba.
Ta nufi gurgun benci.
Na ce zauna ta dama, hagu na yaudara.
Na miƙa mata biro ta rubuta sunanta da kanta,
na tsaya ina leƙe ta kafaɗarta.

Saura wata biyu bak.
In Allah ya sa na haye
ni ma motar Yamai za ta ɗauke ni.
Rubutun yarinyar yana karantuwa.
Zan bar mata fensirin.