Reshen da Kawu Ilu Ya Kawo

Kawu Ilu ya dawo daga Bur Sudan
da jaka ɗaya, da tari a ƙirji,
da wani farin abu naɗe a tsumma
kamar citta mai yatsu da aka shafa wa alli.

Na kai shi Kurmi, rumfar Lantana mai duwatsun wuya.
Ta juya shi, ta ƙwanƙwasa da farce.
“Murjani ja ne,” in ji ta. “Wannan ƙashi ne.”
Ba ta yi ƙarya ba.

Amma kawo shi kusa da fitila, ka duba:
kowane ɗan rami ɗaki ne.
Mai ɗakin bai kai ƙwayar shinkafa ba,
baki ne kawai da ’yan hannuwa kewaye,
sai dare ya yi yake miƙo su.
Daga ruwan gishiri yake tatsar dutse
ya shimfiɗa a ƙarƙashinsa,
na baya ya ɗora a kan na gaba,
kamar gidanmu na Alfindiki
da ke tsaye kan ɗakin kakan kakana.
Masu rai na sama-sama,
matattu ke riƙe da ginin.

Har ’yan haya gare shi a cikin tsoka,
gansakuka da ido ba ya gani.
Su ke girki da hasken rana,
su biya haya da abinci da launi.
Ƙananan kifaye na ɓuya a lungunansa
yadda muke ɓuya in an aike mu.
Kawu ya ce dare ɗaya a shekara, bayan wata ya cika,
duk unguwar ke sakin ƙwai lokaci guda,
ba shela, ba mai buga ƙofa.

Sai ruwa ya ɗumama. Ba tafasa ba,
ɗan ɗumi, irin na butar da ta yini a rana.
Mai gida ya kori ’yan haya.
Ya wayi gari fari tas, da yunwa.

Kawu ya rasu da azumin bara.
Reshen na kan taga, yana danne takardun wuta.
Jiya na tarar da Zuwaira ta tsoma shi a randa,
ta zuba gishirin miya cokali uku,
ta tsuguna tana jira.
Ban ce mata komai ba.
Na jawo kujera.