Harsashi Ɗaya

Kafaɗata ce ta fara magana, ba ni ba.
Shekara talatin da ɗoriya tana dakon adakar babana,
ƙarfe mai nauyin turmi, ƙota ta icen kirya.
Sai bara da kaka, a wata fadama gabas da Sandamu,
na ɗaga ta ga zabo, hannu ya ce a'a.
Zabon ya dube ni, ya ci gaba da tononsa,
ko tashi bai yi ba. Rainin ya isa.

Na shiga Daura da hantsi, ni da Haladu ɗan 'yata,
muka nufi maƙerar Tanimu,
inda zugazugi ke numfashi kamar tsoho a barci.
Guda huɗu ya jera mana a kan buhu.
Yaron ya riga ni kai hannu
ga mai baki biyu, mai sheƙi, mai ado a wuya.
"Kaka, in na farko ya kuskure, ga na biyu."
Na ce, wanda ya san da na biyu a ajiye
ba ya ba na farko haƙƙinsa.

Ba a sayen bindiga da ido.
Na rataya kowacce, na je bakin katanga na dawo,
ina sauraron abin da kafaɗa za ta ce.
Ta farko ta ja ni ƙasa. Ta biyu ta yi gajarta.
Ta uku kunamarta sako-sako, kamar bakin magulmaci.
Ta ƙarshe siririya, sai ka ce karan dawa,
ba ta da kyau, ƙotarta ma da tabon wuta.
Na leƙa bututun, rana ta shigo a miƙe,
ba tsatsa, ba karkata.
Na rufe ido, na ɗaga, na buɗe:
bakinta na kan kullin aduwar da zuciya ta nufa.

Tanimu ya tofar da goro, ya ce,
"Baba Jatau, mara nauyi ƙaramin jaki ce,
tana harbi gaba, tana harbi baya.
Abin da ka rage a tafiya, a tashin wuta za ka biya."
Na ce, wahalar daƙiƙa ɗaya ta fi ta yini guda.
Muka yi ciniki har inuwa ta koma gindin bango.
Buhun gero biyu da ɗan bunsuru suka tafi,
ban da zirga-zirgar takarda,
don yanzu mai bindiga a hanya sai ya yi bayani,
ko da furfura ta kai masa ƙirji.

Asubar Talata na fita ni kaɗai.
Raɓa a sabara, iska na zuwa daga gabana.
Na yi tafiyar da na daina yi shekara biyar,
har na manta akwai wani abu a bayana.
Can gindin kalgo, gada.
Ta sunkuya tana kiwo, kafaɗarta a fili,
tazarar da ko Haladu ba zai kuskure ba.
Na durƙusa. Na ɗora kunci. Na riƙe numfashi.
Harsashi ɗaya ba ya son gaggawa,
sai na ƙara jira,
kuma a cikin jiran ciyawa ta motsa,
ɗanta ya fito, ƙafafu kamar tsinken tsintsiya,
ya cusa baki a ƙarƙashinta.

Da mai baki biyu ce, da tuni an gama.

Na iso gida rana tsaka, jaka ba komai.
Haladu ya ce, "Ya bindigar? Da gaske ba nauyi?"
Na miƙa masa, na ce auna ka gani.
Ƙarfen kam ba shi da shi.
Tanimu ya kwashe shi daga kafaɗa,
ya tara mini a yatsa.