Kaura a Kan Ƙyaure

Bayan la'asar, a rumfar Labbo mai walda,
an kwantar da tsohon ƙyaure kan bulo huɗu.
Nan Gusau take, can Kaura,
tsakaninsu kamu uku da ɗani.

"Wa ya taɓa mini gada?" in ji Nomau.
"Akuya ce."
"Akuya mai yatsu biyar?"
Anaruwa ya ɓoye dariya cikin hula.

Kan jirgi gwangwanin madara,
taragu na kifi, ƙafafu marafan kwalba,
dogo kuwa tsinken laima ne aka miƙe.

"Wanga tarago na gyaɗa ne ko auduga?"
"Gyaɗa."
"To ina take?"
"Mainasara ya cinye tun ba a yi awo ba."

Batir ya yi sanyi, aka zare na rediyo,
mai labarai ya mutu da magana a baki.
Jirgi ya yi tari, ya ja, ya sha kwana,
ya faɗi inda ya saba faɗuwa.

"Kwanar ce ta yi tsini."
"Gindin ne ba nauyi, a sa masa kusa."
"Ku dai sa masa haƙuri."

Baba Jatau, da ya tsufa yana ɗaga tuta
a tashar gaske,
ya ɗauke shi da yatsu biyu, ya hure masa ƙasa,
ya dubi agogonsa da ya daɗe da tsayawa:
"Ya makara da minti bakwai."

Ladan ya yi gyaran murya.
"Ku rufe Kaura da buhu,
jiya kaza ta kwana a ofishin tikiti."