Daga Ɗaya Zuwa Biyar

Yurani Pabon ta taso daga Bogota
da takardun tambaya ɗari da arba'in a jaka,
awa tara a mota, biyu a bayan alfadari,
zuwa ƙauyen da ke maƙale a kafaɗar dutse.

Tambaya ta sha bakwai ce ƙashin bayan digirinta:
"Daga ɗaya zuwa biyar,
yaya girman yardarki da maƙwabcinki?"

Tsohuwa Ermelinda na shanyar gahawa a kan daɓe.
Ba ta ɗago ba.
"Wanne? Na tudu ko na gangare?"
"Kowanne, Iya."
"A'a, 'yar nan, ba a zuba su a kwando ɗaya.

Na gangare, Wilfrido,
shi ya riƙe fitila
daren da aka zo aka tafi da ɗana.
Bai yi harbi ba. Fitila kawai ya riƙe.
Shekara goma sha tara ina ganin hasken nan,
ko da rana tsaka.

Bara ya ajiye bindiga,
ya dawo yana jan ƙafa.
Injin ɓarar gahawa ɗaya ne a ƙauyen nan,
a rumfarsa yake.
Duk Talata nakan kai buhuna.
Yana awo, ina kallon sikeli,
shi yana kallon ƙasa.
Bai taɓa tauye mini ko ƙwaya ba.
Ban taɓa shan ruwan gidansa ba.
To, rubuta. Nawa ke nan?"

Alƙalami ya tsaya a iska
kamar tsuntsun da bai ga reshe ba.
Gurabe biyar a jere, fari fat.

Bayan wata takwas, a zauren jami'a,
jadawali ya haskaka a bango,
jan layi na hawa kamar tururuwa a kan kara.
"Yarda ta ƙaru," in ji ta.
Farfesa ya gyaɗa kai, aka yi tafi.
Takarda ta tamanin da takwas kuwa,
na'ura ta ce ba amsa,
ta tsallake ta.

Yurani ta duba agogo.
Talata ce, ƙarfe goma da 'yan mintoci.
Can, wata tsohuwa ta ɗora buhu a kan alfadari,
ta ɗaure bakin zaninta,
ta fara gangarawa.