Saƙon Hannu

Shanun huɗa biyu suka jawo ta garejina a Majiya,
ja ce, amma rana ta lashe jan,
kujera biyu kacal, ba rufi,
kaji sun shekara goma suna ƙwai ƙarƙashin sitiyari.
Yara suka raka ta da ihu har gindin ɗorawa,
mai ita, Malam Datti Safiyo, na dogara sanda a baya.

Ya ce, "Barau, injin da ransa, na sani.
Hannuna ne ba ya isa gare ta."
Na zuba mai, na aro batirin tarakta,
ta yi tari uku, ta farka da gurnani.
Amma sandar giya sai lilo take
kamar muciya a tukunyar da aka kwashe tun jiya.
Ka nemi lamba ɗaya, ta ba ka iska,
ka nemi ta biyu, ta ja ka baya.

Na shimfiɗa buhun taki, na shige ƙarƙashinta.
Tsatsa ta zubo mini a ido, gidan zanzaro a kunne.
Can na gan su: ƙarafa biyu sirara,
'yan aike tsakanin tafin hannu da akwatin giya.
Robar da ke riƙe gaɓarsu ta zama gari,
sai saƙo ya taso daga sama da gaskiyarsa,
kafin ya isa ƙasa ya koma ƙarya.

Na kai gawar robar Ƙofar Ruwa cikin ƙullin leda.
Wani ya juya ta, ya ce kakansa bai sayar da irinta ba,
wani ya ce in sayar masa da motar a kilo.
Na dawo da kuɗin mota ya ƙare,
ba abin da na samo sai dariya.

Ilu maƙeri bai yi dariya ba.
Ya ciro tsohon kan famfo na tagulla daga tarkacensa,
ya narka, ya zuba a gurbin yumɓu,
ya miƙo mini da zafinsa a bakin awartaki.
Kwana biyu ina ci da magagari,
in goga, in gwada, in busa, in sake gogawa,
har ta zauna a raminta ba tare da guduma ba,
yadda guga ya san bakin rijiya.

Na cusa fil, na lanƙwasa ƙafafunsa, na shafe da giris.
Nakande yana sama yana jan sanda,
ni ina ƙasa da sifana mai lamba sha uku.
"Ta shiga?"
"Saura kaɗan."
Rabin zagaye na noti.
"Yanzu fa?"
Shiru. Sannan ƙas!
Ƙaramar ƙara, ba ta kai ta fasa gyaɗa ba,
amma na ji ta har tsakiyar zuciya.

Malam Datti ba ya ganin titi yanzu,
ƙafarsa ta hagu ba ta iya taka kuloci.
Ni na zauna mazaunin direba, shi a gefena,
ya ɗora busasshen hannunsa kan ƙwallon sanda.
Muka hau titin Gujungu, gero na sunkuyawa dama da hagu.
In na taka, ya tura.
Ɗaya. Biyu.
Bai tambaye ni lokaci ba, kukan injin yake saurara.
Iska ta ɗauke hularsa, ya ce a bar ta.

A ta uku sandar ta ɗan cije.
Na ce, "Gobe zan sake duba ta, Baba, na ji kunya."
Ya riƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban zata ba.
"Kada ka taɓa.
Haka take cijewa tun ranar da na saye ta.
Da nan nake gane ita ce."
Ya tura ta huɗu, muka ci gaba da tafiya.